Ƙanin Korneel da Ke Cikin Sanyi

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe goma da rabi na safe

Wasiƙar ta zo. Farar ambulan, tambarin asibiti a kusurwa, suna a tsakiya: Korneel Legein.

Mai rabon wasiƙu sabon zuwa ne, bai san gidajen unguwa ba tukuna. Ya miƙo min yana fara'a, wai, "Madam, ta ɗanki ce." Na ce na gode. To me zan ce masa? Da tsohon ne, da ya zura ta ƙarƙashin ƙofa ya yi gaba, ko ƙararrawa ba zai taɓa ba.

Na san abin da ke ciki tun kafin in buɗe, don duk bayan shekara uku take zuwa. Tambaya ɗaya ce: a ci gaba da ajiye abin da aka ajiye wa Korneel a cikin sanyi, ko a daina? Mai abu ya sa hannu da kansa, a mayar kafin 13 ga Disamba.

Da kansa.

Na saka ta a gwangwanin biskit na saman firji. Staf ba zai gani ba. Shekara talatin da aurenmu, mijin nan bai taɓa ɗaga ido sama da tukunyar kofi ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan rufe shago

Hazo ya rufe bakin teku tun asuba, kukan tsuntsaye kake ji amma ba ka ganinsu. Mutane su ɓullo daga cikin farin, su sayi kifi, su koma ciki. Har yanzu suna yi min muryar nan ta lallashi, ƙasa-ƙasa. Matar mai kantin magani ta riƙe min hannu ta ce, "Veerle, ya ƙarin haƙuri?" Na ce, "Kilo nawa?" Surukata Meme Irma, tana can ƙuryar shago tana ɓarar jatan lande, ta ja tsaki. Wai ba a yi wa mutane haka. Oho dai.

Ni na san ƙanƙara. Tun ina 'yar shekara sha shida hannuna ke cikinta. Kifi a kan ƙanƙara kwana uku ne, rana ta huɗu ido ya dushe, ƙarya ta ƙare. Shi ya sa har yau abin nan yake ɗaure min kai: shekara goma sha biyar a cikin sanyi, kuma wai bai ma san an kwana ba.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta zauna wuri ɗaya.

Korneel yana ɗan shekara tara aka ce sankarar jini ce. Ana saura kwana biyu a fara masa maganin nan mai ƙarfi, wata likita, siririya, mai tauna bayan biro, ta zaunar da mu ni da Staf. Ta ce maganin zai ƙone cutar, amma zai ƙone iri tare da ita. Da babban mutum ne, da sai ya ba da maniyyi a ajiye masa. Yaro ba shi da shi tukuna. Amma a cikin marainansa akwai uwayen iri, suna barci, suna jiran balaga su fara aiki. Za a yanko ɗan tsagi, bai fi ƙwayar wake ba, a daskarar da shi. Idan ya girma, ya so haihuwa, wataƙila a mayar masa da shi cikin jikinsa ya farka. Ta ce ba alkawari ba ne, har yanzu gwaji ake yi.

Staf ya ce a'a, wuƙaƙen da ake sa wa yaron sun isa. Meme Irma ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda ake yanka ɗa don jikan da ba a gani ba. Ni na fizgi takardar na sa hannu.

Kowa ya ɗauka kwaɗayin jika ne. Wane jika? Likitar nan ta ce "idan ya girma." Duk faɗin asibitin, hawa bakwai, ita kaɗai ta yi maganar girmansa. Da takardar sayar da kaina ta miƙo min bayan wannan kalmar, da na sa hannu.

Kuma ya girma ɗin. Ya warke, ya girma, har sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin.

Laraba, 20 ga Nuwamba, azahar

Laraba. Sati shida. Ba na son Laraba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

"Ƙanina" Korneel yake ce wa abin da aka ajiye masa a sanyi. Shi ya raɗa sunan, yana ɗan sha uku, ranar da na yi masa bayani ina ta kame-kame, fuskata ta yi ja. Ya saurara har ƙarshe, sai ya ce, "Af, ashe ina da ƙani a firji, aka ce ni kaɗai ne?" Tun daga nan an shiga uku. In na hana shi fita: "Mama, ki je ki yi wa ƙanina faɗa, shi ne mai jin magana." In hunturu ya yi tsanani: "Allah sarki ƙanina, ko rigar sanyi ba a kai masa ba." Yaron nan da bakin tsiya, nawa ya ɗauko.

Jiya na yi mafarki. Wani ɗaki fari, tulunan ƙarfe a jere, tururi yana malala a ƙasa har gwiwa. Na ɗaga murfin ɗaya, sai ga shi zaune a ciki, ɗan shekara tara, da kayan barcinsa shuɗi mai hoton jiragen ruwa, kansa cike da gashi, yana kaɗa ƙafa. Bai ji sanyi ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Mama, an gama? In fito?" Na ce, "Tukuna, zauna." Ya ce to.

Na farka da daɗi a raina. Wannan ne ya ba ni tsoro.

Staf yana gareji tun ƙarfe shida. Keken Korneel da 'yan sanda suka dawo da shi bayan hatsarin yake gyarawa. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, ya miƙar, ya juya ta, ya saurara, ya sake kwancewa. Mutumin da ke tayar da injin jirgin ruwa cikin wuni ɗaya, sati shida yana kan ƙafar keke.

Talata, 26 ga Nuwamba, la'asar

Shago ba kowa, ruwa ake yi. Na tsinci kaina ina rubutu a kan takardar naɗe kifi. K babba mai doguwar ƙafa, sai sauran su gangara kamar an ture su, sai jan layi a ƙasa. Ni na koya masa rubutu a kan teburin nan, ni na riƙe masa hannu. Gwaji na goma ya fito daidai da sa hannun Korneel, har sai da tsigar jikina ta tashi.

Meme Irma ba ta ɗago ba. Shekara tamanin da shida, yatsunta na ɓarar jatan lande ido rufe. Ta ce, "Kifi na ganinki, mai jar koma."

Na ce, "Meme, jerin saye nake rubutawa."

"To. Jerin saye mai suna ɗaya."

Na dunƙule takardar na naɗe kan kifi a ciki na jefa a shara. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Wasiƙar ta zo ke nan. Na ƙirga shekarun, 'yata. Tsufa na yi, ban haukace ba."

Na ci gaba da goge tebur. Ƙa'idar asibitin na sani: muddin mai abu yana nan, suna ajiyewa. Ranar da suka ji labari, za su fitar da shi daga sanyi. Ba su ji ba. Sa hannu ɗaya, shekara uku ke nan. Bayan nan wani sa hannun.

Laraba, 27 ga Nuwamba, safe

Sati bakwai. An sake kawo miya. Firji ya cika da miyar maƙwabta, ba mai sha.

Lahadi, 1 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Fien ta zo. Budurwar Korneel, shekara huɗu suna tare, ita ce mai koyar da yara iyo. Ta rame, idonta ya yi zuru-zuru. Ta kawo jaka cike da kayansa daga ɗakinsu: rigar ruwa, takalman aiki, mazubin kofinsa mai lotsattsen gefe. Na dafa kofi, na yanka burodin zabibi, muka zauna muna kallon tururi.

Ban san yadda aka yi ba, bakina ya kufce. Na sauko da gwangwani na nuna mata.

Ta daɗe tana kallon sunan. Sai ta ce da bazara suka shirya zuwa wajen likita, su tambaya ko lokacin mayar masa da abin ya yi. Wai har gardama suke yi, shi yana son mace, ita ta ce ko kyanwa ce ta gode. Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Na ce, "To kin gani. Ai bai kamata a fitar da shi ba. Wa ya sani, nan da shekara goma, likitocin nan ba abin da ba sa ƙirƙirowa. Ke ma yarinya ce."

Ta ajiye kofin a hankali. "Veerle, kin fi ni sani. Irin nan ba ya tsira sai a jikinsa."

"Yanzu ne ba ya yi."

"Kuma ko ya yi, bai tambaye ni wannan ba. Ni ma ban tambaye shi ba."

Raina ya ɓaci, na ce ai dama ita tana da sauran rayuwa a gaba, sauƙi ne a wajenta. Kaico, bakin nan nawa! Ta miƙe, ta sa rigarta. A bakin ƙofa ta juyo ta sumbace ni a kunci sau uku kamar kullum, ta ce, "Ni ma ina yi masa magana, kin sani. Amma na shekara ashirin da huɗu nake yi wa."

Na ji kunya. Har yanzu ina ji.

Talata, 3 ga Disamba, hutun rana

Na taka har ƙarshen gadar katako da ke shiga teku. Ruwa ya ja baya, yashi yana ƙyalli, sama da ƙasa launi ɗaya. Na zauna a benci, ban rufe ido ba, amma na tafi.

Na ga kaina a jirgin ƙasa, da tulun a kan cinyata, lulluɓe da bargo. Mai duba tikiti ya ce, "Madam, yaron shekararsa nawa?" Na ce tara. Ya ce to kyauta ne. Muka wuce gonaki, shanu a tsaye cikin hazo, muka wuce tasharmu ba mu sauka ba. Ina jin ƙafarsa tana bugun ƙarfen daga ciki, ƙwas, ƙwas, a hankali.

Da na dawo hayyacina, yatsuna sun sandare, kuma na bar Meme ita kaɗai da masu saye har awa ɗaya da rabi. Ta ce min, "Sannu da zuwa, gimbiya."

Alhamis, 5 ga Disamba, magariba

Yaran maƙwabta sun jera takalma a bakin murhu da karas a ciki, don dokin Waliyyi Nikolas, wanda ake ce wa yara yana zuwa da dare ya bar musu kyauta. Ta taga na hango.

A asibiti, waccan shekarar, silifas Korneel ya ajiye a ƙarƙashin gado. Ba a yarda a shigo da ɗanyen karas ɗakinsa ba saboda ƙwayoyin cuta, sai ya zana ɗaya a takarda ya saka. Ya ce dokin ya yi haƙuri, kowa ma abincin asibiti yake ci.

Na sayi karas yau. Ba miya zan yi ba.

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan abincin rana

Ashe Staf yana ɗaga ido. Na shigo kicin na tarar da gwangwani a kan tebur, a buɗe, wasiƙa a gefe, shi kuma yana tsaye da baƙin mai a hannu.

Ya ce, "Sukari nake nema."

"Sukari a saman firji? Yau ka fara zama a gidan nan?"

"Ba naki ba ne, Veerle."

"Ni na sa hannu aka ajiye, lokacin da kai kake cewa a'a!"

"Lokacin yana yaro. Tun da ya cika sha takwas ya koma hannunsa. Ba naki ba ne, ba nawa ba. Na..." Sai ya tsaya, ya kalli wasiƙar. "Nasa ne."

"Na wa?"

"Na yaron."

"Wane yaro? Yara sun cika gari. Faɗi sunan, Staf! Kai ka zaɓa masa, sunan ubanka ne. Faɗi mana!"

Ya kalle ni kamar na watsa masa ruwan zafi. Ya goge hannu a wando, ya koma gareji. Can na ji ƙafar keke tana juyawa.

Na yi masa rashin adalci, na sani. Ni ma ban faɗa ba tun ranar. Rubutawa kawai nake iyawa, shi ya sa na sayi littafin nan. A gidan nan an koma "shi" da "yaron" da shiru.

Laraba, 11 ga Disamba, safe

Sati tara. Na sa hannun a madadinsa. Ya yi kyau ƙwarai. Gobe zan kai da kaina, ban yarda da gidan waya ba.

Alhamis, 12 ga Disamba, cikin jirgin dawowa, ƙarfe huɗu

Jirgin ƙasan na girgiza, rubutun zai karkace.

Ɗakin ajiyar yana can ƙarƙashin asibiti. Niyyata in miƙa a taga in juya. Sai matar da ke ciki, mai furfura da tabarau a rataye a wuya, ta karanta ambulan, fuskarta ta washe.

"Legein! Ke ce mahaifiyar Korneel? Ni ce Rosette, ni na karɓi nasa da hannuna ranar da aka kawo. Shigo, Madam, shigo ki zauna. Ya yake? Har yanzu dogon nan ne mai surutu?"

Na ce, "Har yanzu."

Ta ba ni kujera. Ta cikin gilashi ina hango tulunan, shida, a jere, kamar yadda na gani a mafarki, sai dai sun fi ƙanƙanta. Ta nuna na uku. Ta ce da ya zo sa hannu yana sha takwas, ya nace sai an nuna masa, ya tsaya a gaban gilashin ya cire hula ya ce, "Sannu, ƙane, ya zaman haƙuri?" Ta ce sun yi sati suna dariya.

Na ce, "Ba ya jin kaɗaici a ciki?" Ban san na faɗa a fili ba.

Ba ta yi min kallon mahaukaciya ba. Ta ce, "Ai muna kiransu. A aikinmu ba a taɓa kwalba da baki ɗaya. Duk lokacin da za a duba, ko a matsar, ko a fitar, sai mutum biyu sun tsaya. Ɗaya ya karanta suna da ranar haihuwa da ƙarfi, ɗayan ya duba takarda ya maimaita. Don kada a ba wani na wani. Sau biyu a shekara muna bin su duka, ɗaya bayan ɗaya. Watan jiya ma na kira shi. Korneel Legein, huɗu ga Afrilu."

Watan jiya. Lokacin da gidan ubansa ya kasa, a ƙarƙashin ƙasa wasu baƙi biyu suna kiran sunansa da ƙarfi.

Ta miƙo hannu ta karɓi wasiƙar, ta zaro, ta ɗauko hatimi. Na ga K ɗina mai doguwar ƙafa a ƙarƙashin fitilarta. Uwata takan ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ni ban ma yi tunanin wannan ba a lokacin. Abin da na gani shi ne matar nan za ta ci gaba da tambayata ya yake, duk shekara uku, ni kuma in ce har yanzu.

Na dafe takardar. Na ce, "Ni na rubuta wannan. Korneel ya mutu. Ranar Laraba, tara ga Oktoba."

Ga shi na rubuta. Wannan ne karo na farko.

Madam Rosette ta ajiye hatimin. Ta cire tabarau. Ba ta yi min muryar lallashi ba, Allah ya saka mata. Ta yage takardar gida huɗu ta zuba a aljihun rigarta, ta ce, "Ban ga komai ba." Sannan ta tashi ta ɗauko fayil.

Ashe a takardar da ya cika yana sha takwas akwai tambayar da ban taɓa sani ba: idan mai abu ya rasu, a narkar, ko a ba masu bincike, don yaran da za su zo a baya. Ya zaɓi na biyu. A gefe kuma, inda ba a ce a yi rubutu ba, da hannunsa na gaske, wanda nawa bai kama ƙafarsa ba:

"A sa ƙanina a makaranta. Zaman banzan ya isa."

Na yi dariya, na yi kuka, na ɓata wa matar nan rabin kwalin takardar share hanci. Ɗan sha takwas, ya zauna shi kaɗai ya yi tunanin mutuwarsa, ya dawo gida ya ce min me aka dafa.

Za a fitar ranar Laraba. Na roƙa, ta ce za mu iya tsayawa a bayan gilashi.

Juma'a, 13 ga Disamba, safe

Na faɗa wa Staf a ƙofar gareji. Bai juyo ba. Ya ce, "Ƙarfe nawa jirgin?"

Na kira Fien na ba ta haƙuri. Ta ce wace magana, ita ba ta tuna ba. Ƙarya take, yarinyar kirki. Ta ce ba za ta zo ba, nata ban kwanan ta riga ta yi. Meme ta ce gwiwoyinta ba na jirgi ba ne, amma in gaida yaron. Ban tambaye ta wanne ba.

Laraba, 18 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Sati goma.

Staf ya sa kwat ɗin da ya sa a coci ranar jana'izar. A jirgi ba mu yi magana ba. Gonaki sun yi fari da raɓar sanyi, rana 'yar ƙarama tana bin mu ta taga.

Muka tsaya a bayan gilashi. Madam Rosette ta sa safar hannu har gwiwar hannu, da abokin aikinta, wani dattijo mai suna Remi, riƙe da fayil. Ta bar ƙofar a ɗan buɗe, da gangan na sani. Ta ɗaga murfin tulu na uku, tururi ya tumbatso ya gangara ƙasa, fari, ba ƙara. Na jira in ga shuɗin kayan barci. Ta jawo wani ƙarfe, ta zaro 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba.

Shi ke nan. Abin da na yi sati uku ina ɓoyo a gwangwanin biskit.

Ta ɗaga ta ga haske, ta karanta da ƙarfi: "Korneel Legein. Huɗu ga Afrilu."

Remi ya bi takarda da yatsa. "Korneel Legein. Huɗu ga Afrilu."

Ta juya za ta saka a ƙaramin akwatin masu bincike. Sai na ji wata murya a gefena, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Korneel Legein," in ji Staf. "Huɗu ga Afrilu. Ƙarfe biyar da kwata na asuba. Ana ruwa."

Remi ya dubi Madam Rosette. A takardarsu layi biyu ne na shaidu, babu na uku. Ta ɗan dakata da kwalbar a hannu, sannan ta ce, "Daidai ne, Mista Legein." Ta rufe akwatin.

Na dafa gilashin. Sanyi ne da shi, irin wanda hannuna ya sani. A zuciyata na ce, an gama, fito.

A jirgin dawowa Staf ya yi ta magana, mutumin da ba ya haɗa jimla uku a wuni. Ranar da Korneel ya faɗa ruwa a tashar jirage. Ranar da Korneel ya saci kifin Meme ya ba kyanwa. Korneel, Korneel, har matar da ke kujerar gaba ta juyo tana murmushi ta ce, "Ɗanku ne? Shekararsa nawa?"

Staf ya kalle ni.

Na ce, "Ashirin da huɗu."